Wane Horo Ya Dace da Malamin da Ke Son Koyon Haɗa Bidiyo, Sauti da Zane Don Aji?

Malamin da ya yi niyyar koyon haɗa bidiyon darasi, naɗar sauti ko tsara zane mai bayani ba zai rasa mai koya masa ba. Masu koyarwar ma sun yi yawa, kowa na tallar satifiket ɗinsa, alhali lokacin malami ƙanƙane ne, ga makin jarrabawa, ga shirin darasin gobe. Don haka kafin ku kashe kuɗi ko ku sadaukar da hutun ƙarshen zango, ku san abin da kowane irin horo ke bayarwa. Ma'auni ɗaya nake amfani da shi: in an kammala, kuna da darasin da kuka haɗa da hannunku, domin ɗalibanku, wanda wani masani ya duba ya nuna muku inda ya yi rauni?

Abin da aka fi cin karo da shi shi ne horon kamfanonin manhaja. Google na da darussa kyauta ga malamai, da jarrabawar Google Certified Educator mataki na 1 da na 2, wadda satifiket ɗinta ke aiki na shekara 3 kafin a sabunta. Yana da amfani in makarantarku na aiki da Classroom, Docs, Slides da Forms, amma ya fi ƙarfi wajen tafiyar da aji da raba aiki, ba ya zurfafawa a harkar bidiyo da sauti. Microsoft na da nasa a dandalin Microsoft Learn, kyauta, kan Teams, OneNote da PowerPoint. Wannan na ƙarshe bai kamata a raina shi ba, domin PowerPoint na iya naɗar muryar malami a kan kowane shafi ya fitar da shi a matsayin bidiyo, kuma malamai da yawa ba su buƙatar fiye da haka. Shirin Apple Teacher kyauta ne, kuma a ganina ya fi sauran kusanci da ainihin aikin hoto da sauti saboda yana koyar da iMovie, GarageBand da Keynote. Sai dai in ba ku da iPad ko Mac, ku wuce shi kawai. Canva for Education kyauta ne ga malaman firamare da sakandare da aka tantance, yana da sauƙin koyo, ya kuma dace da mai son fasta, taswirar bayani da gajeren bidiyo.

Adobe na buƙatar a bambance abu biyu. Adobe Express da darussan da kamfanin ke yi wa malamai daidai suke da aji. Jarrabawar Adobe Certified Professional kuwa, a kan Photoshop ko Premiere Pro, ta masu sana'ar zane da tace bidiyo ce. Malamin da zai koyar da wannan sana'a yana buƙatarta. Malamin lissafi mai son bayyana kashi-cikin-ɗari a minti biyar ba ya buƙata, ga kuɗin manhaja da ake sabuntawa, ga kwamfuta mai ƙarfi da za ta ɗauke ta.

Duk waɗannan suna da rauni iri ɗaya. Kamfani na koya muku inda za ku danna a manhajarsa, domin burinsa ku zauna tare da shi. Ba laifi ba ne, amma iya danna maɓalli daban, sanin abin da ya kamata ya bayyana a allo daban.

Wannan sanin na biyu shi ne abin da ya kamata ku nema a kwasa-kwasan intanet na jami'o'i, irin waɗanda ake samu a Coursera da edX, waɗanda duka aka kafa a 2012, ko FutureLearn, ko OpenLearn na Open University ta Birtaniya wanda yake kyauta. Hukumar Commonwealth of Learning da ke Kanada ita ma tana shirya wa malamai kwasa-kwasai kyauta kan koyarwa da fasaha. Kafin ku yi rajista, ku buɗe jadawalin kwas ɗin ku duba ko ya taɓo binciken Richard Mayer na Jami'ar Kalifoniya da ke Santa Barbara. Shekaru da dama ya yi yana gwada yadda mutane ke koyo daga haɗin kalmomi da hotuna, kuma sakamakonsa ya saɓa wa abin da sabon mai haɗa bidiyo ke sha'awa. Kiɗa da adon da ba su da alaƙa da darasi suna rage fahimta. Cika allo da rubutu sannan malami ya karanta shi kalma bayan kalma a kan hoto yana gajiyar da ƙwaƙwalwar ɗalibi, domin ido na bin rubutu da hoto a lokaci guda. Sunan sashe na zane ya kamata ya zauna jikin sashen, ba can ƙasan shafi ba. Dogon bayani a yanka shi gunduwa-gunduwa yadda ɗalibi zai tsaya ya numfasa. Wani binciken da Philip Guo da abokan aikinsa suka wallafa a 2014, bayan nazarin kallon bidiyo sau miliyan 6.9 a edX, ya nuna cewa hankalin masu kallo kan ragu sosai in bidiyo ya wuce kimanin minti 6. Malamin da ya san waɗannan zai yi darasi mai kyau da wayar hannu kawai. Wanda bai san su ba, ko an ba shi ɗakin ɗaukar hoto sukutum, abin da zai fitar zai yi ƙyalli amma yara ba za su riƙe komai ba.

Matsalar kwas na intanet sananniya ce: farawa da sauƙi, gamawa da wuya, musamman in ba mai tambayarku ina aka kwana. Galibinsu kuma da Turanci ake yin su. Ku fifita wanda ke da ranar farawa da ranar gamawa, da aikin da za a miƙa a duba, a kan wanda bidiyo ne zalla da tambayoyin zaɓi-ɗaya.

Sai taron bita na yini ɗaya ko biyu, wanda makarantu suka fi so domin yana da sauƙin shiryawa. Yana da alheri ɗaya da intanet ba ta da shi: in kun maƙale, akwai wanda zai sunkuyo kan allonku ya warware. Ga malamin da kwamfuta ke ba shi tsoro, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma bita kaɗai ba ta isa. A 2017 Linda Darling-Hammond da abokan aikinta suka yi nazarin bincike 35 kan horon malamai da ya haifar da sauyi a aji, suka ga cewa irin wannan horo yakan ɗauki lokaci, yana da alaƙa da darasin da malami ke koyarwa, akwai gwaji da hannu, akwai mai bibiya da gyara. In za ku biya kuɗin bita, ku tambaya ko masu shiryawa za su dawo bayan 'yan makonni su ga abin da kuka haɗa. In amsar a'a ce, ku ɗauke ta a matsayin share fage kawai.

Mai son takarda mai nauyi yana da hanya biyu. Satifiket ɗin malamai na ISTE, wata ƙungiya mai harkar fasaha a fannin ilimi, bai jingina da wani kamfani ba, yana ɗaukar watanni, kuma ba da jarrabawa ake cin sa ba, sai an tara ayyukan da malami ya yi a aji an auna su. Wannan tsari ya yi daidai da ma'aunin da na ambata, sai dai yana da tsada. Hanya ta biyu difloma ce ko digiri na biyu a fasahar ilimi. Ta dace da wanda ke son zama mai horar da malamai ko mai tsara manhajar karatu. Ku duba ko akwai aikin hannu a ciki, domin wasu ka'ida ce daga farko har ƙarshe. Ko wacce takarda ce, ku fara tambayar hukumar da ke ɗaukarku aiki ko tana lissafa ta wajen ƙarin girma.

Akwai kuma hanyar da ba mai tallata ta domin ba mai cin riba a cikinta, kuma ita nake ba mafi yawan malamai shawara su haɗa da duk abin da suka zaɓa. Malamai uku ko huɗu su haɗu, su ɗauki manhajoji na kyauta: Audacity don gyara sauti, OBS Studio don naɗar allon kwamfuta, Shotcut ko Kdenlive don tace bidiyo, H5P don saka tambayoyi a tsakiyar bidiyo. Kowa ya haɗa gajeren darasi, a zauna a kalla, a faɗa wa juna gaskiya, a gwada a aji. Ba satifiket a ƙarshe, amma hannu na faɗawa da wuri. A nan ne mutum ke gane cewa sauti ya fi hoto muhimmanci: ɗalibi zai jure hoto mai dishi-dishi, ba zai jure muryar da ba ya ji ba. Ƙaramin makirufo na maƙalawa a riga ya fi sabuwar kyamara amfani.

In ba ku san matakin da kuke ba, Tarayyar Turai na da SELFIE for Teachers, ma'aunin kai na kyauta da aka gina a kan tsarin DigCompEdu na 2017, wanda ya jera ƙwarewar fasaha 22 da ake so malami ya samu. UNESCO ma na da nata tsarin, wanda bugu na uku ya fito a 2018 da ƙwarewa 18 a matakai uku. Amfaninsu shi ne kada ku biya kuɗin koyon abin da kun riga kun iya.

Abubuwa uku nake dubawa a jadawalin kowane horo, kuma rashinsu na sa ni shakka. Haƙƙin mallaka, wato wane hoto ko sauti ya halatta a ɗauko, da yadda lasisin Creative Commons guda 6, wato izinin da mai aiki ke ba jama'a na amfani da aikinsa bisa sharuɗɗa, ke aiki. Sirrin ɗalibai, domin fuskar yaro da sunansa ba sa fita intanet sai da izinin iyaye da bin dokar ƙasa. Sai rubutun ƙasan bidiyo saboda ɗalibai masu matsalar ji. Shugaban makarantar da ke zaɓa wa malamansa ya ƙara da tambayar wace na'ura horon ke buƙata da yawan datar da zai ci, sannan ya nemi a nuna masa darussan da waɗanda suka yi horon a baya suka haɗa, ya kalli biyu ko uku har ƙarshe kafin ya sa hannu.