Ragon layya: na kara ko na kiwon gida?

A Jos, wasu sai watan Zulhajji ya kama suke zuwa karar Bukuru, su duba haƙori, su tabbatar rago ya cika shekara, su biya. Ba wahalar neman harawa, ba fargabar ɓarawo. Sai dai ragon baƙo ne a gidan har ranar yanka.

Ni na fi son na kiwon gida. Wata 6 kana ba shi dusa da kanwa, in sanyin Disamba ya tsananta ka shimfiɗa masa buhu. Yara su raɗa masa suna, ya riƙa gane muryar Hajiya tun daga zaure. In ka lissafa abincinsa, wani lokaci ma ya fi tsada. Bara da sallah autarmu a ɗaki ta wuni tana kuka, ko tsoka ɗaya ba ta taɓa ba.