Na kai ƙarafan tsohon jirgina a sake musu ruwan kurom: abin da na gani bayan wata 14

Da gangan na jinkirta rubuta wannan. Ranar da mutum ya karɓo kayansa daga wurin masu ruwan kurom (rufin nan mai walƙiya kamar madubi da ake yi wa ƙarfe) ba ranar yanke hukunci ba ce, don aikin kirki da aikin ha'inci duk walƙiya ɗaya suke yi. Sai gishirin teku ya daɗe yana lasar su ake gane na gane. Nawa yanzu sun yi wata 14 a kan ruwa, don haka ina da bakin magana.

Jirgin nawa na shaƙatawa ne, na katako, mai inji biyu, tsawonsa ƙafa 36, ƙirar 1972. Jiragen wancan zamanin, irin su Chris-Craft na Amurka da Riva na Italiya, da ƙarafa masu ruwan kurom aka ƙawata su, kuma rabin kyansu a nan yake. Nawa kuwa lokacin da na saye shi ƙarafan sun yi dishi-dishi, wasu sun yi kore, wasu sun fito da ƙuraje kamar masu ƙyanda. Na kwashe sati uku ina kwance su: ƙarafan ɗaure igiya guda 6, zoben tagogi 8, bututun shan iska 2, gidan fitilar haska hanya, hon, hannun totur da na giya, mariƙan ƙofofi, da tarkacen ƙanana. Duka guda 47. Kowanne na ɗauki hotonsa, na ba shi lamba a takarda. Wanda zai yi irin wannan aiki kada ya tsallake wannan matakin, zan faɗi dalili a gaba.

Wurin da na kai su ƙaramin kamfani ne, ma'aikata ba su wuce shida ba, kuma mai shi dattijo ne marar yawan magana. Abin da ya fara burge ni shi ne bai karɓi kayan a dunƙule ba. Ya zazzage su a kan tebur, ya ɗauko maganaɗisu da ƙaramin zarto, yana kankare bayan kowane ƙarfe yana duba launin da ya fito. Kafin rabin awa ya raba su kashi uku.

Kashi na farko, mafi yawa, tagulla ce ta gaske, wadda aka haɗa jan ƙarfe da kuza. Ya ce waɗannan za su yi kyau kamar ranar da aka ƙera su. Kashi na biyu ita ma tagulla ce, amma irin wadda aka haɗa jan ƙarfe da tutiya. Ita wannan ruwan gishiri yana tsotse tutiyar da ke cikinta a hankali, ya bar jan ƙarfe zalla mai ramuka kamar soso. A ido ƙarfen yana nan da siffarsa, ƙarfinsa ne ya tafi. Ya nuna mini ɗaya daga cikin ƙarafan ɗaure igiya, inda ya kankare ya yi ja-ja maimakon ruwan ɗorawa.

"Malam, wannan zan iya sa shi ya yi ƙyalli," in ji shi, "amma ranar da iska ta taso ka ɗaure jirginka da shi, a hannunka zai tsinke."

Na ce, "To Baba, yaya za a yi?"

Ya ce in nemi sabo, ko in kai wa masu zubi su zuba mini wani da tagulla mai kyau, su yi amfani da tsohon a matsayin samfuri. Hakan na yi.

Kashi na uku shi ne abin takaici: mariƙan ƙofofi da gindin hon, waɗanda aka zuba da haɗin tutiya da ake kira zamak. Shi ne mai fito da ƙurajen nan. Lalacewarsa daga ciki take farawa ta turo rufin sama, kowane ƙurji ka gani akwai rami a ƙarƙashinsa. Dattijon ya ƙi karɓar guda 5 ƙememe. Gindin hon kaɗai ya yarda ya gwada, saboda na nace ba zan samu irinsa ba, kuma ya sa an rubuta a takardar aikin cewa bai ɗauki alhakinsa ba. A lokacin na ɗan ji haushi, ina ganin ƙyuya ce. Yanzu na san ba ita ba ce.

Na roƙa ya bar ni in ga yadda ake aikin, ya bar ni na leƙa daga bakin ƙofa. A nan na fahimci cewa abin da muke kira ruwan kurom, kurom ɗin shi ne mafi ƙanƙanta a cikinsa. Da farko ana cire tsohon rufin a cikin tankin sinadari, sai a goge ƙarfen da injin, daga samfefa mai kaushi zuwa mai laushi, har ya yi sumul. Rami mai zurfi a huda shi a cike da waldar azurfa. Daga nan ne ake shiga tankunan lantarki: jan ƙarfe tukuna, a goge, in akwai sauran tabo a sake wani jan ƙarfen a sake gogewa, sai nikel, wanda shi ne ainihin mai tare gishiri kuma shi ne mai ba da ƙyallin, sannan kurom a ƙarshe, na 'yan mintuna. Kaurin kurom ɗin bai kai maikiron 1 ba, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita, alhali gashin kan mutum yana kai kimanin maikiron 70. Abu mai wannan sirantaka ba ya ɓoye komai. Duk ƙarzanen da mai guga ya bari, kurom ƙara fito da shi zai yi. Shi ya sa yawancin kwanakin aikin a gaban injin guga suke ƙarewa, kuma shi ya sa masu aikin gaggawa suke rage nikel, don mai kaya ba zai gane ba sai bayan shekara. Wannan kamfanin nikel hawa biyu yake yi wa kayan jirgin ruwa, na ƙasa mai ɗan dushewa, na sama mai haske, wanda shi ne tsarin da ya fi jure tsatsa.

Yanzu ga inda suka ɓata mini rai, kuma ba ƙaramin ɓaci ba.

Sun ce sati 6, sai da aka yi sati 11. Ba jinkirin ne ya fi damuna ba, shirun ne. In ban kira ba, ba mai kirana. Da na matsa, dattijon ya ce masu wannan sana'a sun ragu, aiki ya yi wa waɗanda suka rage yawa. Akwai gaskiya a maganarsa: sinadarin da aka daɗe ana amfani da shi, kurom-6, yana jawo ciwon daji, kuma a Tarayyar Turai tun Satumbar 2017 ba a amfani da shi sai da izini na musamman. Amma dokar sinadari ba ta hana mutum ɗaga waya ba.

Na biyu ya fi ciwo. A jikin gidan fitilar haska hanya akwai sunan maƙerinta da aka buga tun asali, ƙananan haruffa masu kyau. Mai guga ya bi ta kansu, ya dawo mini da fitila sumul, sunan ya zama inuwa, sai ka karkata ta a rana kake iya karanta rabinsa. Gyaran gangar Auzinawa ke nan. Abin da injin guga ya cinye ba ya dawowa. Laifina a ciki shi ne ban zagaye wurin da alƙalami na ce kada a taɓa ba, amma mai shekaru a sana'a bai kamata sai an gaya masa ba. Dattijon ya ba da haƙuri, bai yi gardama ba, wannan na yaba.

Na uku, ba su toshe ramukan noti ba kafin su tsoma zoben tagogin. Rufin ya hau kan zaren, notuna suka ƙi shiga, sai da na bi ramuka ɗaya bayan ɗaya ina sake fitar da zaren. Kwana biyu ya ci mini. Sannan wani ɗan ƙaramin murfi ya ɓata a wurinsu. Hoton da na ɗauka da lambar da na rubuta su suka sa aka bincika har aka same shi cikin kayan wani.

Cikin bututun shan iskan ya fito da ɗan rawaya-rawaya, na zaci kuskure ne. Ashe kurom ba ya shiga lungu da kyau a tankin lantarki, nikel ne nake gani. Na yi masa jan fenti kamar yadda aka saba yi wa irin waɗannan bututun, magana ta ƙare.

To, bayan wata 14 fa? Duk abin da yake tagulla yana nan garau. Zoben tagogin da ke goshin jirgi, waɗanda suka fi shan feshin teku, babu ɗigon kore ko ɗaya a jikinsu. Hannun totur da nake riƙewa kullum bai dushe ba. Kulawar da nake yi ba ta da yawa: in na dawo daga fita in ɗauraye su da ruwan daɗi, in share da tsumma mai laushi, bayan wata biyu ko uku in shafa kakin goge mota. Ba na kusantar su da man guga mai yashi-yashi, don shafa kaɗan zai cinye kurom ɗin. Da na zo mayar da su kuma na sa abin like a ƙarƙashin kowanne, kada ruwa ya kwanta tsakanin ƙarfe da katako.

Gindin hon kuwa, wanda na nace a kansa, a wata na tara ya fito da ƙuraje uku, yanzu sun zama bakwai. Mariƙan ƙofofin da aka ƙi karɓa na maye gurbinsu da na ƙarfe marar tsatsa samfurin 316. Haskensu ya ɗan bambanta da na kurom in ka sa ido sosai, amma ba wanda ya taɓa lura sai ni.

Zan koma wurinsu, akwai ƙarafan bayan jirgin da ban taɓa ba tukuna. Sai dai wannan karon zan toshe ramukan noti da kaina, in zagaye duk wani rubutu da jan alƙalami, kuma in kai kayan a lokacin da jirgin yake kan tudu, ba na bukatarsa na wata uku.