Garin alkama na leda: ya cancanci kuɗin mai ciwon sukari?

Da zarar likita ya ce wa mutum sukarinsa ya hau, abu na farko da ake sayowa gidan a Kano shi ne garin alkama na leda, mai kilo ɗaya ko biyu, wanda ya cika shagunan Sabon Gari da manyan kantunan Zoo Road. A ajiye tuwon masara da na dawa, a ɗora wa Baba tukunyarsa daban, hankalin kowa ya kwanta. To garin ba shi da laifi a matsayinsa na abinci, amma an ɗora masa nauyin da ba zai iya ɗauka ba.

Alherinsa a fili yake. Wanda aka niƙa da dusarsa yana da harza kimanin giram 10 a cikin giram 100, ya ninka na farar fulawa fiye da sau uku, kuma wannan harzar tana taimaka wa mai fama da taurin bayan gida, tana kuma riƙe ciki. Ya zo a tsaftace, babu tsakuwa, babu zaman layin inji. Tuƙinsa ma babu wuya: a dama kaɗan da ruwan sanyi a yi talge, a bar shi ya tafasa minti biyar, a zuba sauran garin a hankali ana tuƙawa, sannan a rage wuta a rufe ya sulala kamar minti goma. Wanda ya tsallake sulalawar nan shi ke samun tuwo mai danƙo da warin ɗanyen gari. Idan kuma aka zuba garin gaba ɗaya a tafasasshen ruwa, gudaji ne za su biyo baya.

Inda gizo ke saƙar shi ne sitaci. Giram 100 na garin alkama yana ɗauke da kimanin giram 60 na sinadarin da jiki ke mayarwa sukari. Dawa ma haka, gero haka, masara ta ɗara da kaɗan. Ashe ke nan malmalar alkama da malmalar dawa kusan Danjuma ne da Danjummai. Gwangwanin madara ɗaya na garin, wato giram 80 zuwa 90, ya kai wajen giram 50 na sitaci, kuma mutane da yawa malmala biyu suke ci da dare saboda an ce musu wannan tuwon marasa lafiya ne. Abin takaici ne ƙwarai mutum ya biya kuɗi mai yawa, ya haƙura da ɗanɗanon da ya saba, sannan ya ci fiye da yadda yake ci a da.

Laushin garin ma matsala ne. Injin kamfani yana niƙa shi luƙui, kuma duk yadda gari ya yi laushi haka yake saurin narkewa ya shiga jini. Hatsin da aka ɓarza, irin tsakin dambu ko burabusko, ya fi jinkirin narkewa. Saboda haka wanda ya auno kwanon dawa ko gero a Dawanau, ya hana a surfe shi sosai, ya sa aka ɓarza masa, bai yi asarar komai ba, kuma kuɗin da ya kashe bai kai na leda ba.

Ga mai son ci gaba da alkamar, ga yadda za ta yi amfani. Malmala ɗaya daidai dunƙulen hannun mai ci, ta tsaya a kashi ɗaya cikin huɗu na faranti. Wani kashin ya zama wake, kifi, ƙwai, awara ko nama. Rabin farantin kuwa ganye: miyar kuɓewa, alayyahu, zogale, rama, kabeji, duk ga su nan a Yankaba. A kula da miyar, don ludayin mai da dunƙule huɗu suna rushe aikin. Cokalin cin abinci ɗaya na mai yana da kalori kusan 120, ko na gyaɗa ne ko na zaitun mai tsada. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin yini kada ya kai giram 5, kimanin ƙaramin cokalin shayi, kuma dunƙule mafi yawansa gishiri ne.

A kantar da ake jera garin nan galibi akwai zuma da dabino, ana cewa sun maye gurbin sukari. Cokalin cin abinci ɗaya na zuma yana da sukari kusan giram 17, dabino kuma wajen kashi biyu cikin uku na nauyinsa sukari ne. Abinci ne masu albarka, amma na'urar gwajin sukarin jini tana ƙirga su.

Ita na'urar ce za ta raba gardama. A gwada kafin cin abinci, a sake gwadawa awa biyu daga lomar farko. Ga yawancin manya masu ciwon, ana so kafin ci sukarin ya tsaya tsakanin 80 da 130 a ma'aunin mg/dL, bayan ci kuma ƙasa da 180. A yi haka kwana uku da alkama, kwana uku da dawa, malmala iri ɗaya, miya iri ɗaya, a kai wa likita takardar. Mai allurar insulin ko mai shan ƙwayar rage sukari ta glibenclamide kada ya rage tuwo farat ɗaya ba da sanin likitansa ba, don sukari na iya faɗuwa, mutum ya kama rawar jiki da zufa har ya suma. Kuma babu garin da zai sa a ajiye magani.

Wajen saye, a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, a karanta ko an rubuta cewa cikakkiyar alkama ce, don launin ƙasa kaɗai ba shaida ba ne. A ɗauki ƙaramar leda. Garin da ke da dusa yana da ɗan maiƙo, kuma zafin Kano na watan Afrilu yana saurin sa shi ɗaci da wari. Bayan an buɗe, a juye shi a roba mai murfi, a ajiye nesa da murhu, a cinye cikin wata guda.