Kafin ka sayi jirgin ruwa na shan iska: katako, faiba ko haya?

Wanda ya ga jiragen gudu suna tsaga ruwa daga Ikoyi zuwa Tarkwa Bay a Legas, ko ya yi yawon Sallah a dam ɗin Tiga, zuciyarsa kan raya masa ya mallaki nasa. To, kuɗin saye shi ne mafi sauƙi a lamarin. Abin da ke cin aljihu yana maƙale a bayan jirgin, wato inji.

Gangar jirgin ba ta da wuyar zaɓi. Na katako, irin wanda ake ƙerawa a Yauri, ya fi araha, kuma kafintan bakin ruwa zai gyara maka shi. Sai dai yana shan ruwa, yana ruɓewa, kullum ana cikin toshe ɓaraka, ranar sayarwa kuma kusan kuɗin itace za a taya. Na faiba, wato roba mai tauri da aka ƙarfafa da zaren gilashi, ya fi tsada nesa ba kusa ba, amma zai yi shekaru aru-aru idan ba a bar shi rana tana gasa shi ba. Darajar sabo ce ke faɗuwa warwas a shekarun farko, don haka na hannu mai lafiya ya fi, tunda wani ya riga ya ɗauke maka asarar.

A wajen inji kuwa ban yarda da na hannu ba. Akwai wanda ake haɗa masa fetur da baƙin mai, kamar ƙaramin janareta, misali Yamaha Enduro mai ƙarfin doki 40 da masunta da masu fito suka sani. Ba shi da nauyi, kayan gyaransa suna ko'ina, kowane makanikin bakin kogi ya iya kwance shi, shi ya sa yake riƙe darajarsa. Aibinsa shan mai: idan ka buɗe masa wuta zai lashe kusan lita 20 a awa guda. Tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayun 2023, wannan lissafi ba abin wasa ba ne. Injin da ake zuba masa baƙin mai daban da fetur ya fi tsimi da rashin ƙara, amma da tsada, kuma yana son juyen mai duk bayan awa 100. Idan ya lalace a Kainji, sai ka yi tafiya kafin ka samu mai gyara.

Ajiya ma kashe inji take yi. Fetur ya kwana biyu a kafireta sai ya daskare ya toshe ta, ruwan gishirin Legas kuma yana cin ƙarfe idan ba a wanke da ruwan daɗi bayan kowace fita ba. Ƙara da rajistar NIWA, hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin ƙasa, rigunan kariya na kowane fasinja, kuɗin mai gadi, da farfelar da kututture zai karya.

Idan daga Sallah sai Sallah za ka hau ruwa, ɗauki haya da direbansa. Saye na wanda ke kusa da ruwa ne, mai fita kusan kowane mako.