Gidan wanka da bahaya na bayan tasharmu: akwai ruwa, amma ɓangaren mata sai a hankali

Ga matafiya da 'yan kasuwa masu neman inda za su kama ruwa, wannan gidan wankan na bayan tasha ba laifi gaskiya, ina iya cewa ya fi da yawa daga cikin waɗanda nake shiga a cikin Kano. Ginin na ƙaramar hukuma ne amma ba ita ke gudanar da shi ba, haya ta ba wani bawan Allah yana biyan kuɗin shekara, shi kuma yana karɓar naira 100 na bahaya, 200 na wanka, in kana son sabulu da soso ka ƙara wani abu.

Abin da ya fi burge ni ruwa ne. Mutumin da kuɗinsa ya gyara burtsatsen ya ɗora sola, saboda haka ba ruwansa da NEPA ba ruwansa da 'yan garuwa, tanki kullum cike, butoci a jere an ɗaure kowace da igiya don kar a yi gaba da ita, ga yaro ɗaya da ba shi da aiki sai watsa ruwan omo da izal duk wanda ya fito. Ƙofofin langa-langa ne amma sakatar na aiki, wanda ya taɓa riƙe ƙofa da hannu ɗaya ya san darajar wannan.

To amma fa ɓangaren mata ƙofa biyu ne kacal kuma mashigarsu tana kallon bencin da 'yan kamasho ke zama, wace mace ce za ta ratsa maza da buta a hannu, shi ya sa masu sayar da abinci a tashar suke gwammace su matse har su koma gida. Gurgu kuwa ba ta inda zai hau, matakala ce. Sannan da damina sokawe na cika ya riƙa tumbatsa cikin kwata, na yi wa mai wurin magana ya ce ranka ya daɗe kiran motar kwashe masai ba nawa ba ne, na masu gini ne, su kuma ba a ganinsu sai lokacin karɓar haya.

A nan ne nake ganin laifin ba nasa ba ne shi kaɗai. Kundin tsarin mulkin 1999 ƙarara ya ɗora wa ƙananan hukumomi kula da kasuwanni da tashoshin mota da banɗakunan jama'a. In ƙaramar hukuma ta ce ita za ta riƙe da ma'aikatanta kyauta, mun sha gani, famfo ɗaya ya lalace shikenan sai a garƙame wurin da kwaɗo. In ta bar wa ƙungiyar direbobi ko ta 'yan kasuwa yakan yi kyau har ranar da rikicin shugabanci ya tashi. Hayar nan ta fi, don mai cin abinci da wuri ba ya barinsa ya mutu, sai dai a rubuta a takarda wa zai kwashe masai, nawa za a karɓa, yara da masu lalura su shiga kyauta, duba-gari kuma ya riƙa leƙowa. Tunda Kotun Ƙoli ta ce a 2024 a riƙa ba ƙananan hukumomi kasonsu na kuɗin tarayya kai tsaye, in kuɗin ya iso ƙara ƙofa huɗu na mata ba zai gagari ciyaman ba. Ai abu ne mai yiwuwa, Jigawa maƙwabciyarmu tun 2022 aka ayyana ta jiha ta farko da ta daina bahaya a fili.

In za ka je ka tafi da canji, ba sa karɓar taransifa, kuma da asuba layin wanka yana da tsawo saboda direbobin da suka kwana a tasha.