Tsohuwar kwamfutar ofis ko Raspberry Pi: wanne zai riƙe ajiyar gida?

Malam, ka ce kana son ma'ajiya guda a gida, inda wayoyi da kwamfutoci za su riƙa zuba hotuna da bidiyon biki ta wifi, da manhaja mai buɗaɗɗen tushe. Kuma hankalinka ya rabu tsakanin tsohuwar Dell OptiPlex da aka yi maka tayi da Raspberry Pi 5, 'yar ƙaramar kwamfutar nan mai allo guda.

Fara da manhajar, don ita ke zaɓar injin da za ta hau. TrueNAS, manhajar ajiya, sai injin Intel ko AMD, da RAM giga 8 aƙalla, saboda tsarinsa na ZFS mai binciken kowane fayil don gano ko ya lalace. Pi ba ya cikin lissafinsa. OpenMediaVault kuwa, da aka gina kan Debian, ba shi da zaɓe: duka biyun yana hawa, giga 1 ma ya ishe shi.

Dell ɗin yana da ramukan SATA a ciki, wato inda ake haɗa diski, ka ɗaura diski biyu su zama madubin juna, ɗaya ya mutu ɗaya ya riƙe. Idan wani abu ya ƙone, masu gyara a nan Maradi sun san cikinsa, kayansa kuma ba sa wuya a Katsina ko Kano. Pi 5 ɗan mitsitsi ne, shiru, amma ba ramin SATA ko ɗaya. Sai ka bi ta USB ko ka sayo wani allo ka ɗora masa, babban diski kuma volt 12 yake ci, wanda Pi ba ya bayarwa. Kafin ka ankara tebur ya cika da wayoyi da caja uku, yaro ya taɓa ɗaya a tsakiyar kwafi, shi ke nan.

Inda Pi ke cin gasa shi ne wuta, kuma a garin nan wannan ba ƙaramar magana ba ce. Ɗauka Dell da diski biyu yana jan wat 35. A dare na awa 12 ya sha wat-awa 420. Batirin sola na 100Ah mai volt 12, irin mai ruwa, rabinsa kaɗai ake sha in ana son ya daɗe, kusan wat-awa 600 ke nan, ga fanka ga fitilu suna jira. Pi da SSD (diskin da ba ya juyawa) guda bai cika wuce wat 10 ba. Sai dai zafi ba ya raga wa kowa. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da ake haura digiri 40, Pi marar fanka yana rage gudu da kansa in zafin cikinsa ya kai wajen digiri 80. Dell kuma ƙura ce abokiyar gabarsa. Hunturun bara na buɗe tawa, na tarar da fankar ta yi wa kanta bargo ja, kauri kamar yatsa. Tun daga nan duk wata nake hure ta.

Ni dai in ajiyar tana da daraja, Dell zan ɗauka in sa TrueNAS, da UPS (batirin da ke riƙe shi in an ɗauke wuta) a gindinsa, don ɗaukewar wuta a tsakiyar rubutu ba alheri ba ce ga diski. In sola kaɗai gare ka, akwai na uku: akwatin da ke da Intel N100, kamar Ugreen DXP2800 mai ramin diski biyu. Yana karɓar TrueNAS, cin wutarsa kaɗan, kuɗinsa ne dai ya fi.

Diskin kuma ka nemi mai salon rubutu na CMR, ba SMR ba, irin WD Red Plus ko Seagate IronWolf. Na SMR suna ja da ƙasa sosai idan ZFS na sake gina madubi.

Kafin ka biya, sa mai Dell ya kwance murfin a gabanka. Wasu ƙananan OptiPlex gurbin babban diski ɗaya kawai gare su, ka ƙirga da idonka.