Neman hoton damisa a kwarin Luangwa: jagoran ya ci kuɗinsa, motar haɗaka ce cikas

Duk mai son ya dawo da hoton damisa na kirki, ba na wutsiyarta tana shigewa cikin ciyawa ba, ya sa gandun dajin South Luangwa na ƙasar Zambiya a lissafinsa. Daga Lusaka ƙaramin jirgi ake shiga, awa ɗaya da 'yan mintoci ya sauke mutum a Mfuwe, mota ta ƙarasa da shi bakin kogin Luangwa inda sansanonin baƙi suke. A ɗaya daga cikin matsakaitansu na sauka a watan Satumba. Kuɗin ya haɗa da kwana, abinci, da fita daji sau biyu a rana: ta safe daga ƙarfe 6 zuwa wajen 10, ta yamma daga ƙarfe 4 har 8 na dare. Kuɗin shiga gandun daban yake, na hukuma ne, kullum ake lissafa shi.

Ɗaki da abinci ba su da abin kushewa. Akwai tsafta, gidan sauro ba ɓula, kuma mai gadi yana raka kowa ɗakinsa da tocila saboda dorina na fitowa kiwo har bakin ƙofa. Iyakar abin da zan ce a kansu ke nan, don ba su suka kai ni ba.

Jagoran da aka haɗa ni da shi ɗan kwarin ne, mutum ne mara yawan magana. Jagororin Luangwa sai sun ci jarrabawa mai tsanani kafin a ba su lasisi, kuma gadon aikin ya daɗe a wurin, tun shekarun 1950 da wani Bature mai kare namun daji, Norman Carr, ya fara zagaya daji da baƙi a ƙafa, kafin a mai da wurin gandun ƙasa a 1972. Abin da ya fi burge ni da shi, da kunne yake neman damisa. Sai ya kashe mota a tsakiyar hanya, ya ɗaga hannu kowa ya yi shiru. Haushin gwaggon biri daga kan bishiya, fiton barewar puku, tsiwar kurege, hayaniyar zabi, kowanne yana gaya masa wani abu, har ya kan bambance kukan da biri ke yi wa damisa da wanda yake yi don faɗa da ɗan'uwansa. Faɗin gandun ya kai murabba'in kilomita 9,050, wanda ya dogara da ido kaɗai zai sha yawo.

Wata yamma irin wannan sauraro ya kai mu gindin wata katuwar kanya. Damisa mace ce a sama, ta rataye barewar impala a tsakanin rassa, ƙafafun gawar suna lilo, kura kuma na kwance a ƙasa tana jiran abin da zai faɗo. Ganye ya rufe mata fuska, haske ta bayanta yake zuwa, ba hoto a wurin. Motoci suka zo, suka ɗauki abin da suka samu, suka wuce. Shi kuwa ya dubi yadda gangar bishiyar ta karkata, ya ce ta nan za ta sauko, ya ja da baya ya ajiye mu rana na gefenmu na dama, ya kashe inji don kada girgiza ta ɓata hoto. Muka zauna kusan awa guda. Da kurar ta gaji ta yi gaba, damisar ta miƙe, ta yi miƙa, ta gangaro da kai ta daidai inda ya nuna, ta tsaya a tsakiyar gangar tana kallonmu, hasken yamma ya kwanta mata a gefen fuska har ana iya ƙirga gashin bakinta. Wannan hoton shi ne ribar tafiyar, kuma rabinsa aikin wanda ya ajiye motar ne.

Zaki ya fi sauƙin samu, amma ya fi wuyar ba da hoto mai rai. Dabba ce da kan kwashe har awa 20 a rana tana hutawa, don haka da hantsi za ka tarar da garke a baje a inuwa ko a kan yashin kogi, ba mai ɗaga kai. Jagoran bai yarda mu ƙone safiyarmu a kansu ba. Ya ce mu dawo daf da faɗuwar rana, in suka fara hamma a jere, suna lasar juna, suna goga kai, to tashi ya kusa. Haka aka yi. Wanda yake son hoto tsaf ya sani cewa wasu zakanyu suna da abin wuya mai na'ura, na masu bincike ne na Zambian Carnivore Programme da ke bin sawunsu. Ni bai dame ni ba, aikin da ke tsare su ne.

Fitar dare ita ce ta bambanta Luangwa da gandaye da yawa da ke rufe ƙofa da magariba. Mai haskawa na zama kusa da direba da babbar fitila yana share daji, yana neman ƙyallin ido. Nan ne aikin sansanin ya ɗan gaza. Saurayin da ke riƙe da fitilar yana da kaifin ido, amma ya kan dallara haske kai tsaye a fuskar dabba, farin ƙirjin damisa ya ƙone a hoto, ita ma ta rintse ido ta juya. Da na roƙe shi ya riƙa sauke tsakiyar hasken ƙasa, gefensa kawai ya taɓa ta, sai abin ya gyaru. Ya kamata a ce an koya masa tun farko. Kyamara kuma sai an ɗaga ISO, wato ƙarfin jin haskenta, zuwa 3200 ko 6400, an buɗe lens, gilashin gabanta, iyakar buɗewarsa. Mafi kyawun hotunan dare da na samu, fitilar wata motar ce ta hasko dabbar daga gefe.

Babban ƙorafina motar haɗaka ne. Mutum shida ko fiye a buɗaɗɗiyar mota, kowa da muradinsa. Ɗaya ya gyara zama, lens mai tsawon milimita 500 ya yi rawa. Wata ta gaji da jiran damisa tana son a je ga raƙumin dawa, kuma tana da gaskiya, irin na Thornicroft ba a samunsa ko'ina a duniya sai a wannan kwarin. Abin da ya fi ci mini rai shi ne al'adar tsayawa shan abin sanyi a bakin kogi daidai faɗuwar rana, lokacin da haske ya fi kyau kuma zakuna ke tashi. Ba laifin jagora ba ne, tsarin sansani ne. Ana ba da mota ta mutum shi kaɗai da ƙarin kuɗi, amma ba wanda ya ambata mini wannan lokacin da nake kama wuri, sai da na isa na tarar duk an riga an kama. Kusa da gadar Mfuwe ma motoci kan yi cincirindo a kan damisa ɗaya, sai an nausa ciki ake samun sarari.

Wurin cajin batir a ɗakin cin abinci kawai yake, kuma ana rububinsa, a taho da batir na ƙari. Ƙura ba ta da kyau a rani, canza lens a hanya ganganci ne. A bar baƙaƙen kaya da shuɗi mai duhu a gida, su ƙudan tsando ke bi.

Zan koma, kuma wurin jagoran nan zan nema. Kafin in tura ko sisi zan sa a rubuta mini mutum nawa ne a mota, ko jagora ɗaya zai riƙe ni har in tafi, da ko akwai jakar wake ta ɗora lens a jikin ƙofa. Satumba zan sake zaɓa: ciyawa ta kwanta, dabbobi sun taru a bakin ruwa, jajayen tsuntsayen nan masu cin ƙudan zuma sun fara haƙa ramukansu a gaɓar kogi, zafin Oktoba da kan haura digiri 40 kuma bai riga ya iso ba.